Ranar da Rubutuna Ya Kashe Injin Kurfi

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da dawowa Dutsin-Ma da zama ba, wani abu ya faru da ni wanda har yau in na tuna sai na ji wuyana ya ɗau zafi. An daɗe da kashe maganar, kowa ya kama gabansa, amma ni dai ban gama hucewa ba. Wasunku sun sha tambayata abin da ya sa in ana gardamar aiki ba na iya zagaye-zagaye. To ga inda abin ya samo asali.

Ina da aboki a Kurfi, tare muka yi sakandare. Yana da shago kusa da kasuwa inda yake raba wa mutane intanet. Masu POS na layinsu duk waifai ɗinsa suke kamawa, don ranar kasuwa sabis ɗin waya sai a hankali. 'Yan makaranta suna zuwa, 'yan hatsi suna tura wa abokan cinikinsu na nesa hoton kaya. Duk wannan hidima a kan wata tsohuwar kwamfuta ta tebur take tafiya, wadda mahaifinsa, Alhaji, ya saya masa a gwanjo. Biyu ya sayo, iri ɗaya sak, kamar tagwaye. Ɗaya tana aiki, ɗayar tana ƙarƙashin tebur an mai da ita wajen ajiye buta.

Ni na hana abokina sayen akwatin raba intanet na kamfani da ake ta yi masa talla. Na ce masa akwai manhaja buɗaɗɗiya, wadda mutane daga ƙasashe daban-daban suke haɗuwa su rubuta, kowa na iya karanta cikinta, kowa na iya kawo gyara, kuma za ta mai da wannan tsohuwar kwamfuta mai raba intanet. Na yi masa rantsuwa cewa muddin ina raye ba za ta ba shi kunya ba. Alhaji bai so ba, shi ya fi yarda da abin da aka saya a kwali da takardarsa. Amma ya ce tunda ni ne, a bari a gani. Ka ga ke nan sunana na jingine da wannan inji.

Ni ma ina cikin masu ɗan taɓa rubutu a wannan manhaja, ko da yake a can ƙasa nake, cikin masu share-share. Bari in ɗan bayyana wajen da rigimar ta tashi, don kada in bar kowa a baya. Bayanan intanet ƙunshi-ƙunshi suke tafiya. Kowane ƙunshi ya iso, sai injin ya yi wani ɗan lissafi a kan adireshinsa ya fitar da gajeriyar shaida, da ita yake sanin layin da zai jefa shi. Masana suna ce wa wannan lissafi hash. Kamar dai shaidar da 'yan hatsi ke yi wa buhu ne, ɗan dako yana gani ya san motar da zai kai. Lissafin ƙarami ne, amma da yake ana yinsa ba tsayawa, ko yaya aka rage masa nauyi sai an ji a jiki. Sababbin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, an gina musu wannan lissafi a jikinsu, umarni ɗaya za ka ba su su gama. Tsofaffi kuwa, irin na Kurfi, ba su san wannan umarni ba. In ka ba su shi, manhajar faɗuwa take yi nan take.

To ni, da na samu sabuwar kwamfutar cinya, sai kaina ya ɗau zafi na rubuta hanyar da manhajar za ta yi amfani da wannan umarni mai sauri. Na yi aikina da hankali. Na bar tsohon lissafi a babban fayil, inda duk sauran sassan manhajar ke ɗauka. Sabon na ajiye shi a fayil ɗinsa daban, na sa manhajar in ta tashi ta fara tambayar injin ko ya iya. In ya iya a bi mai sauri, in bai iya ba a bi tsoho. Na gwada a tawa, na hau mota na je Kurfi na gwada a ta abokina, duka lafiya. Na tura wa zauren imel na aikin ina jin kaina kamar wanda ya gina gada.

Wanda ke da ta cewa a wannan sashe wani dattijo ne a wata ƙasa mai nisa. Ban taɓa ganinsa ba, amma sunansa na kan fayilolin tun ina firamare. Ya amsa mini da kansa. Ya yaba aikin, har na karanta wa matata sau biyu, ita kuma ta ce Allah ya sa alheri ta ci gaba da tsince shinkafarta. Sai dai a ƙasa ya ce ga shawara. Me zai sa a ɓoye abu mai kyau a gefe? A ɗauko shi a sa a babban fayil kai tsaye, a cire tambayar nan, don zaɓen hanya yana cin ɗan lokaci a kan kowane ƙunshi. Ya rufe da cewa ai babu wanda ke amfani da waɗancan tsofaffin furosesa yanzu.

Babu wanda ke amfani da su. Na maimaita wannan jimla har ta fita daga hayyacinta. Ni da na baro ɗaya jiya tana ɗauke da rabin kasuwa.

Na zauna na rubuta masa amsa, kuma a nan ne za ku yi mini dariya. Na fara da gaisuwa. Na tambayi iyali da aiki. Na gode masa da shekarun da ya yi yana wa jama'a hidima. Na ce ni ƙarami ne a cikinsu, koyo nake. Sannan na ce akwai wasu bayin Allah a wajenmu da injinansu suka ɗan kwana biyu, wataƙila abin ya ɗan matsa musu, da za a duba su da an kyauta. Na rufe da cewa amma shi ne babba, ya fi ni hangen nesa. Duk ɗan Katsinan da ya karanta wannan takarda ya san na ƙi, ƙi mai tsanani ma. Haka aka koya mana ƙin maganar babba. Ba ka ce masa a'a, sai ka shimfiɗa masa hanya ya janye da mutuncinsa, shi kuma ya gane ya janye. Da kawuna na rubuta wa haka, da ya kira ni ya ce to ɗana, na ji, a bar shi yadda ka yi.

Dattijon ya amso da kalma biyu, cewa ya gode. Washegari na ga alamar an karɓi aikina. Na ce alhamdulillahi, mutumin kirki, ya fahimta. Ban koma na duba yadda aka shigar da shi ba, don a tunanina ba ka bin bayan babba kana lalube bayan ya ce ya ji. Ashe shi a wajensu ƙa'ida ɗaya ce: wanda bai fito fili ya ce bai yarda ba, ya yarda. Gaisuwata da kawaicina duk ya tattara su ya lissafa a matsayin ƙuri'a. Da hannunsa ya ɗauke rubutuna ya kai babban fayil, ya goge tambayar, ya bar sunana a kai.

Bayan 'yan makonni aka fitar da sabon zubi na manhajar. Ni na koya wa abokina cewa duk lokacin da sabo ya fito ya sabunta, don ana toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi. Ya bi maganata. Kuma cikin ikon Allah abin ya faɗo safiyar ranar kasuwa.

Ina karyawa ya kira ni. Abokina mutum ne mai sanyi, ko gobara ake yi sai ya gaishe ka tukuna. Ran nan bai gaishe ni ba. Ya ce injin ya mutu, in ya kunna sai ya rubuto layi ɗaya ya tsaya, ga mutane cike da ƙofar shago. Na ce ya karanto mini layin. Yana karantowa na ajiye kofin shayi. Injin cewa yake an ba shi umarnin da bai sani ba, kuma sunan wajen da ya faɗi, sunan da ni na raɗa ne.

Tunda intanet ɗin ne ya mutu, ba yadda zan gyara daga gida. Na fita tasha. Motar Kurfi ranar kasuwa ba ta tashi sai an cusa mutum a kan mutum, ni kuma ina zaune a gefen wata tunkiya ina karanta babban fayil a waya, ina ganin abin da aka yi wa aikina. Ban taɓa jin haushi irin na wannan tafiya ba. Ba a ce rubutuna ba shi da kyau ba, da na haƙura. An ɗauki abin da na ƙera don ya taimaki injin nan, an cire masa birki, an sake shi a kansa.

Na tarar da masu POS sun watse, wasu sun koma bakin titi suna ɗaga na'urarsu sama suna neman sabis. Wani mai awon gero yana ta faɗa, wai mai sayen kayansa ya gaji da jira ya wuce wani layi. Abokina ya matsa mini kujera. Mai da tsohon zubi ba abu ne mai wuya ba, amma sai da na sauko da shi ta wayata da wannan sabis mai rarrafe. Kafin injin ya dawo, kasuwa ta riga ta juya baya.

Da la'asar Alhaji ya aiko a kira mu rumfarsa. Yana zaune a kan buhu, ya sa na ba shi labari tun daga farko. Ya saurara bai katse ni ba, har wajen takardar da na rubuta. Na faɗe ta da ɗan alfahari ma, don ya ga ba rashin tarbiyya na yi ba. Sai ya tambaye ni ko wannan dattijo ya san mahaifina. Na ce a'a. Ko na taɓa cin abinci a gidansa. Na ce ko ƙasarsu ban taɓa zuwa ba. Ya gyaɗa kai.

"To ɗana, mi ya kai ka yi mashi kara da shagon ɗan'uwanka? In za ka yi ma mutum kara ka yi da naka. Wanga shago ba naka ba ne."

Ya ƙara da cewa shi ba ya son dogon zance. In waɗannan mutane sun ce sun daina yi da irin injinmu, to a sayo akwatin kamfani, ko da sai an sayar da wani abu, ni kuma in cire hannuna daga harkar. Na san ba barazana yake ba. Kuma na san zama a kan tsohon zubi ba mafita ba ne, don duk ƙofar da aka gano daga baya a buɗe za ta zauna. Ko dai a dawo da injin nan cikin lissafi, ko shagon ya bar hannuna, abokina kuma ya shiga ɗawainiyar da ni na ce masa ba sai ya shiga ba.

A motar dawowa na rubuta wa dattijon takarda ta biyu. Ba gaisuwa, ba tambayar iyali. Yatsana har ya fara rubuta fatan alheri na goge. Layin farko cewa na yi ban yarda da wannan canji ba, a warware shi. Na liƙa hoton allon injin da layin da ya mutu a kai. Na ce babban fayil na kowa ne, abin da zai zauna a cikinsa dole ya zama wanda kowane inji zai iya. Mai sauri ya koma ɗakinsa, kowane irin furosesa da fayil ɗinsa, a yi tambaya sau ɗaya in manhaja ta tashi. Na ce wanda ya ce ba a amfani da tsofaffin injuna ya zo Kurfi ranar kasuwa.

Amsar da ya ba ni ita ce ta fi komai ƙona mini rai. Ya ɗauko takardata ta farko, ya yanko wajen da na ce shi ne babba ya fi ni hangen nesa, ya liƙa a gaban kowa. Ya ce ga shi nan, marubucin da kansa ya amince, me ya kawo sabuwar magana? Wato ladabin da uwata ta sha wahala ta koya mini, shi aka ɗauko aka kafa mini hujja da shi. Na tashi na zaga tsakar gida. Matata ta ce in dai da kwamfuta nake faɗa in fita waje, yara na barcin rana.

Gardama ta yi kwanaki. Gaskiya ba zan zalunce shi ba, ba ƙarya ya yi ba da ya ce zaɓen hanya yana cin lokaci. Na auna na gani, yana ci, ɗan kaɗan. Ga masu manyan injuna a ɗakuna masu sanyi wannan kaɗan ɗin abu ne. Amma na ce musu a gefe guda ana maganar ɗan jinkiri, a ɗaya gefen ana maganar inji ya mutu gaba ɗaya, kuma waɗanda injinsu zai mutu su ne waɗanda ba su da halin sake wani. Mai son ƙarshen gudu ya harhaɗa tasa manhajar da kansa, ai ya iya. Wadda ake raba wa jama'a kuwa ta yi tambaya.

Sai wata mata da ke kula da gwaje-gwajen aikin ta sa baki. Ta ce ba ni kaɗai ba ne, ƙorafi irin nawa ya fara shigowa daga wasu ƙasashe, duk masu tsofaffin injuna. Nan iska ta juya. Dattijon ya ga haka, sai ya kawo sharaɗinsa na ƙarshe. Ya ce ya yarda a mai da abin gefe, amma shi ba zai ɗau alkawarin abin da ba zai iya gwadawa ba. Duk injinan gwajinsu sababbi ne, ba wanda ke da irin wannan tsoho. In ba a samu wanda zai ba da inji a riƙa gwada kowane canji a kansa ba, zubi na gaba za a sake cirewa. Na tabbata a ransa ya ɗauka ya rufe maganar ke nan.

Ni kuwa sai na tuna da wajen ajiye buta.

Na koma Kurfi na faɗa wa abokina. Ya dube ni ya dubi ƙarƙashin tebur, ya ce, "Wagga? Ita za ta riƙa duba aikin Turawa?" Na ce ita. Muka jawo ta, muka buɗe, muka tarar zanzaro ya yi gini a jikin fanka. Muka share, muka hura, muka kunna, ta tashi tana ƙara kamar injin markaɗe. Muka je wajen Alhaji neman izini, tunda dukiyarsa ce. Ya sa na maimaita masa bayanin, sannan ya tambaya ko nufina duk abin da dattijon nan zai rubuta sai injinsa ya ce ya yi kafin ya wuce. Na ce a wannan sashen dai, haka ne. Ya ce a ɗauka, har da butar in ana so.

Muka haɗa ta da solar shagon, matar nan mai kula da gwaje-gwaje ta shigar da ita cikin jerin injinan gwaji. Aka mai da rubutuna fayil ɗinsa, aka dawo da tambayar. Zubi na gaba da ya fito, ni da kaina na je na tsaya abokina ya sabunta, injin ya tashi lafiya. Masu POS suka dawo ɗaya bayan ɗaya, ban da wani guda da ya riga ya saba da wani wajen. Alhaji bai sake ta da maganar akwatin kamfani ba.

In ka tambaye ni abin da na koya, ba zan ce ladabi laifi ne ba, har gobe ban yarda na yi laifi ba. Wanda ya karanta takardar mutum yana ba shi labarin jama'ar da abu zai cutar, ya tsallake wannan ya ɗauki gaisuwar kawai, shi ya kamata ya ji kunya. Kuma har yau bai ce mini yi haƙuri ba. Bayanin da ya rubuta a saman gyaran ma cewa ya yi an yi shi ne saboda injinan da zamani ya wuce, kuma duk lokacin da na buɗe fayil ɗin sai na ga wannan layi na yi tsaki. Abin da dai na riƙe shi ne maganar Alhaji. In abin nawa ne, ina iya sunkuyar da kai in bar wa babba. In kuwa wani ne ya jingina da ni, to a'a ɗin sai ta fito da baƙinta, a layin farko.

Da damina ta zo, aka yi wasu kwanaki hadari ya rufe sama, batirin shagon ya ja baya. Abokina ya kashe injin gwajin don wanda ke raba intanet ya samu ya kai yamma, kuma daidai ya yi. Sai ga imel daga dattijon, shi da kansa. Wani gyara nasa ya maƙale, duk injinan sun amince saura ɗaya, yana tambaya ko lafiya, yaushe zai dawo. Ina shagon lokacin, na karanta wa abokina, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce in tambaye shi iyali tukuna.

Ban tambaya ba. Na rubuta masa cewa hadari ne a Kurfi, rana ba ta fito ba, sai ya jira.

Ya kuwa jira.